Yadda na sauke wa motata tayar ranfilat, na ɗaura mata gama-gari da sabon wilin aloi

Rami ne ya yanke mini shawarar da na daɗe ina jan ƙafa a kanta. Na taso daga Bauchi bayan la'asar zan koma gida Gombe, na wuce Alkaleri da kaɗan, sai ƙafar gaba ta hannun dama ta faɗa wani rami mai kaifin baki. Ƙarar sai da na ji ta a haƙorana. Ban gama salati ba fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, alamar taya ta sace. Motar BMW 328i ce ƙirar 2009, wadda makanikai ke ce wa E90, 'yar Amurka, kuma tun daga kamfani da tayar ranfilat aka sallamo ta.

Ga wanda bai san ta ba, ranfilat taya ce da aka yi wa gefe mai kauri da tauri, yadda ko iska ta fita tas, gefen zai riƙe nauyin motar a ci gaba da tafiya. Amma da sharaɗi: kada gudu ya wuce kilomita 80 a awa, kada kuma tafiyar ta zarce kamar kilomita 80. A ƙasar da aka ƙera motar, wannan nisa ya isa ya kai mutum shagon da ke da irin tayarsa a ajiye. Tsakanin Bauchi da Gombe kuwa akwai fiye da kilomita 150, kuma ko ka kai gari ba lallai ka tarar da ita ba.

Na tsaya wurin wani dattijo mai faci a bakin hanya. Ya duƙa ya shafa gefen tayar, ya ɗago ya ce, "Alhaji, wannan ba ta faci ba ce, gefe ne ya tsage. Fito da safaya in sa maka." Na buɗe but, shi ma ya leƙa. Babu safaya, babu jak, ko gurbin ajiye ta ma ba a yi wa motar ba. Ya girgiza kai ya ce, "To Allah Ya kai ka lafiya, a bi a hankali." Haka na lallaɓa, ina tsayawa ina taɓa tayar in ji zafinta, sai bayan isha'i na shiga Gombe. Da safe aka cire ƙafar, aka ga tayar ta gama yawo, wilin ma ya tsage ta ciki. Na zaga shagunan taya na garin ban sami ranfilat mai lambar tawa ba. Aka ce sai an aiko daga Kano ko Abuja, kuɗin da aka ambata kuma ya ɗara na taya gama-gari mai kyau nesa ba kusa ba.

Ba raina ranfilat nake yi ba, ita ta kawo ni gida a daren nan. Wanda zirga-zirgarsa ta cikin gari ce, ko uwargida mai kai yara makaranta da ba a so ta tsaya canjin taya a bakin titi, yana da hujjar riƙe ta. Ni kuwa aikina na hanya ne, yau Bajoga, gobe Kaltungo, jibi Bauchi. Tayar da zan iya samun madadinta a ko'ina ita ce tawa.

Abin da mutane suka fi mantawa shi zan fara faɗa. Ranfilat aiki biyu take yi: ita ce tayar, ita ce kuma safayar. Ranar da ka sauke ta, ka sauke safayar motarka ke nan. Don haka ka yi lissafin ƙafa 5, ka ɗora jak da sifana a kai. In kuɗin da ke hannunka na ƙafa 4 ne kawai, ka dakata ka ƙara tari. Wani abokin aikina ya yi canjin yana ta murnar laushin mota, ƙusa ɗaya ta zaunar da shi da iyalinsa a hanyar Dukku har magariba.

Fara da tabbatar da abin da ke ƙafar motarka. Motocin da ke shigo mana sun wuce hannu biyu ko uku, wani lokaci za ka tarar gaba ranfilat, baya gama-gari, mai motar bai sani ba. Karanta rubutun gefen taya. Bridgestone na sa RFT, Michelin na sa ZP, Continental SSR, Goodyear ROF ko RunOnFlat, Dunlop DSST. A tayoyin da aka yi wa BMW kuma sau da yawa za ka ga RSC cikin da'ira. Kada ka gauraya su. Mai tauri da mai laushi ba sa lanƙwasa daidai a kwana, ba sa amsa birki daidai, in kuma hagu da dama ne suka bambanta, abin ya fi haɗari. Canja huɗun rana ɗaya. Wanda motarsa ke jan ƙafa huɗu, irin xDrive, shi ya fi kowa bukatar huɗun su zama kamfani ɗaya, lamba ɗaya, zurfin zane ɗaya, in ba haka ba akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ne zai biya kuɗin.

Za ka ji masu cewa motar ba ta karɓar taya gama-gari. Tana karɓa. M3 ɗin wannan zamanin, wadda ta fi tawa gudu da ƙarfi, da taya gama-gari kamfanin ya fito da ita, sai ɗan famfo da ruwan toshe huji a but. Wilin da aka yi don ranfilat, wanda za ka ga an buga masa EH2 ko EH2+, yana ɗaukar gama-gari lafiya lau. Ke nan in wilinka huɗu ƙalau suke, sayen sabo ba dole ba ne. Nawa ɗaya ya tsage, biyu sun lanƙwashe tun kafin motar ta zo hannuna, shi ya sa na shiga kasuwar wili.

A nan ne muka yi ta ja da ɗan ƙanina, wanda ya fi ni son motar. Ya ce, "Baffa, tunda dai za a canja, a sa mata wili mai inci 19 mana, baƙi mai sheƙi. Wallahi in ka shigo Tumfure sai kowa ya juyo." Na ce masa ɗauko biro mu yi lissafi.

Tayar da motar ta zo da ita 225/45 R17 ce. Lamba ta farko faɗin taya ne, milimita 225. Ta biyu tana nufin tsayin gefen kashi 45 cikin 100 ne na faɗin, wato kamar milimita 101. Ta ukun girman wili ne, inci 17. In ka haɗa wilin da gefe biyu, sama da ƙasa, tsayin ƙafar gaba ɗaya milimita 634 ne. A kan wili mai inci 19, tayar da za ta zauna ita ce 225/35 R19, gefenta milimita 79 kacal. A kan inci 16 kuwa akwai 205/55 R16, gefenta milimita 113, tsayinta duka 632, bambancin milimita 2 ke nan da ta asali, kuma tana cikin lambobin da kamfanin da kansa ya rubuta wa motar. Wannan robar ta gefe ita ce kaɗai ke tsakanin bakin rami da wilinka. Na ce masa ya zaɓa mini tsakanin 79 da 113 a kan hanyar da ya san ina bi. Ya yi shiru, ya ce, "Amma Baffa 16 ba ta da kwarjini." Gaskiyarsa ne, ba ta da shi. Na sauka zuwa 16 ɗin.

Akwai dalili na biyu da ya fi na farko nauyi a wurina. 205/55 R16 lamba ce da Corolla da yawa ke takawa, don haka kusan duk garin da ke da shagon taya za ka same ta. Wannan ne maganin abin da ya same ni a hanyar Alkaleri.

Ko wace lamba ka zaɓa, kada tsayin ƙafar ya kauce wa na asali da fiye da kashi 2 zuwa 3 cikin 100. In ya kauce, maleji zai riƙa yi maka ƙarya, na'urar ABS mai hana birki ƙame ƙafa da mai hana santsi za su riƙa lissafi da tsayin da ba shi ba, taya kuma ta iya gogar bodi. Sannan ba kowace mota ke iya sauka 16 ba. 'Yan'uwanta 330i da 335i faifan birkinsu ya fi girma, 17 ne ƙaraminsu. Littafin motar zai gaya maka iyakarka.

Yanzu wilin kansa. A shago ido kan tafi ne kan zane da sheƙi, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Kifa wilin ka duba bayansa, a nan aka zuba lambobinsa. Za ka ga wani abu kamar 7Jx16 ET34. 7 ɗin faɗin wili ne da inci, kuma 7 ya dace da taya mai faɗin 205. Sauran abubuwan da za ka bi su ne suka fi jefa mutane cikin asara.

Na farko ramukan noti. Na E90 ana rubuta shi 5x120, wato ramuka 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 120. Camry da Accord 5x114.3 ne. Marsandi 5x112 ce, haka ma BMW na baya-bayan nan irin G20. Duka ramuka biyar ne, ido ba ya rabe su, musamman 112 da 114.3. In mai shago ya ce, "Alhaji, ai kaɗan ne, za a ɗan fafe ramin ya shiga," ka yi masa godiya ka bar shagon. Ramin da aka fafe ba ya riƙe noti a mazauninsa, kuma a kan gudu ne yake nuna halinsa.

Sai ET. Wannan lambar tana faɗin nisan da ke tsakanin fuskar da ke manne da mota da tsakiyar wilin, da milimita. In ta yi girma, wilin ya shige ciki ya kusanci shakazoba. In ta yi ƙanƙanta, ya fito waje ya riƙa cin bakin bodi duk sanda aka ɗauki kaya ko aka hau tudun rage gudu, ga wahalar da yake ba boris. A nan akwai tarko. Wilin E60, babbar yayar motata, shi ma 5x120 ne, ramin tsakiyarsa ma ɗaya ne da nawa, zai zauna daram, mai sayarwa ya ce maka ai na BMW ne na asali, kuma bai yi ƙarya ba. Amma nasa ET ɗin wajen 20 yake, nawa 34, zai turo ƙafar waje da milimita 14. Ni ban yarda in kauce wa lambar asali da fiye da milimita 5 ba.

Ramin tsakiya shi ne na uku. A motata milimita 72.6 ne, kuma shi ke zaunar da wili daidai a kan cibiyar ƙafa kafin noti ya ɗaure. Sabbin wilin kasuwa galibi ana yi musu rami mai faɗi don su shiga motoci da yawa. Nawa 74.1 ne, sai da aka haɗo mini da zobba huɗu masu cike gibin zuwa 72.6. Abu ne ƙarami mai araha, amma in babu shi sitiyari zai riƙa kakkarwa da zarar ka kusa 100, ka yi ta kai motar balansin ba ta daina ba. In kuwa ramin ya fi cibiyar ƙanƙanta, wilin ba zai kwanta ba sam, kada a matsa shi da ƙarfin noti.

Notin ma abin dubawa ne. BMW ba kamar Toyota ba ce da ƙusoshi ke fitowa daga ƙafa a ɗaura musu noti. Notin BMW dogo ne, shi ke ratsa wili ya shige cikin cibiya. Lambar kaurinsa da zarensa a E90 M12x1.5 ce, na F30 da ta biyo bayanta M14x1.25, ba sa shiga na juna. Wuyan notin BMW tsini gare shi kamar mazurari, na wilin Marsandi na asali kuwa zagaye ne kamar ƙwallo. Dole wuyan noti da mazauninsa a jikin wili su zama iri ɗaya, in ba haka ba bakin kawai zai taɓa, ya yi ta kwancewa a hankali. Tsayi kuma, ka ɗaura da hannu kana ƙirga juyi: kada ya gaza shida da rabi kafin ya tsaya. In ya yi tsawo da yawa, a ƙafar baya zai iya taɓo kayan birkin hannu da ke cikin faifai.

Batun inganci, nemi tambarin JWL ko VIA, alamun gwajin ƙarfin wili, da adadin nauyin da wilin ke ɗauka. Masu jabu ma suna buga tambari, saboda haka kada ka tsaya nan. Zura hannu ka shafa cikin wilin ko za ka ji tudun walda da aka rufe da fenti. Sa a ɗora shi tsirara a injin balansin ka tsaya kana kallon bakinsa yana juyawa. In yana rawa, mayar. A ganina wilin asali na hannu mai lafiya, irin wanda ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, ya fi sabo marar asali. Ni na sayi sabo ne don na sami wanda lambobinsa suka cika, kuma sai da muka yi magana da mai shi a gaban shaida cewa in bai zauna ba zai karɓi kayansa. Da suka iso Gombe, kafin a sa wa ko ɗaya taya, na sa bakanikena ya ɗaura guda a ƙafar gaba, muka juya shi da hannu muna duba tazararsa da kalifar birki, wato ƙarfen da ke matse faifai, muka karya sitiyari ƙarshen hagu da ƙarshen dama. Wilin da aka riga aka sa wa taya ba mai karɓarsa.

Taya kuwa, tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Ikeja a 2008, kusan duk abin da muke takawa daga waje yake zuwa, wani ya daɗe a jirgi da sito kafin ya iso Arewa. Don haka ranar haihuwar taya ita ce farkon abin tambaya. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. In ka ga 1824, an yi ta a mako na 18 na shekarar 2024. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara 4 take ƙirga wa taya daga wannan ranar, ke nan tayar da ta yi shekara biyu a shago ta cinye rabin wa'adinta ba ta taka ƙasa ba. Duba huɗun ɗaya bayan ɗaya, kada ka duba ta sama kawai a ɗauko maka sauran daga ciki.

Bayan lambar girma akwai wata kamar 91V. 91 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 615, V kuma gudun da ta jure har kilomita 240 a awa. Ba don za ka yi wannan gudun ba. Tayar da aka gina ta jure shi ta fi jure zafi. Kada ka sauka ƙasa da abin da littafin motar ya ce. In akwai rubutun Temperature a gefe, nemi mai A. Wanda ya taɓa bin hanyar Kaltungo da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 kwalta na ƙyalli kamar an zuba mai, ya san dalilin.

Tayar Beljiyam ban ba kowa shawararta ba, kuma a hukumance ma an hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Da yawansu tayoyin hunturun Turai ne, za ka gane su da hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a cikinsa. Zanensu na da zurfi, suna da kyan gani, amma robarsu an yi ta ne don sanyi, a zafinmu narkewa take yi kamar sabulu. Ko sabuwa ce, ka duba bakinta da zai kama wili. Wasu masu shigo da kaya suna cusa taya cikin taya don rage kuɗin kwantena, bakin ya lanƙwashe, wayar ciki ta ji rauni. In baki bai yi zagaye sumul ba, bar ta.

Ranar ɗaurawa ka ware yini, ka kuma tsaya a wurin da kanka. Masu facinmu na bakin titi gwanaye ne, sun fitar da ni kunya ba sau ɗaya ba, amma wannan aikin na inji ne. Gefen ranfilat ya yi taurin da in aka sa ƙarfe da guduma za a kwarzane wili, a kuma fasa abin da ke cikinsa. Abin da ke cikin kuwa shi ne na'urar auna iska. Tun daga watan Satumba na 2007 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka na'urar gargaɗin iskar taya, kuma a irin motata tana manne ne da gindin bawul a cikin kowace ƙafa. Alamarta bawul na ƙarfe mai ɗan noti a gindi. Yawancin E90 na Turai ba su da ita, ta juyin ƙafa suke ganewa, bawul ɗinsu na roba ne. Kafin yaron shagon ya taɓa komai na ce masa, "Ƙanina, akwai na'ura a bayan bawul ɗin nan, ka danna bakin tayar nesa da shi." Ya ce, "Na gane, Alhaji," ya kuma yi a hankali. An ciro su, aka mayar a sabon wili da sabbin robobin toshe iska. Batirinsu a rufe yake ba a canja shi, yakan yi shekara 5 zuwa 10, don haka in naka sun tsufa yanzu ne lokacin sabuntawa, tun taya na buɗe. Kada ka yarda a jefar da su a sa bawul ɗin roba a ce fitilar ba komai ba ce. Da gama-gari a ƙafa, gargaɗin da wuri shi ke ba ka damar tsayawa kafin taya ta lalace.

In tayar na da kibiya a gefe, kibiyar ta kalli inda ƙafa ke juyawa in ana tafiya gaba. In an rubuta Outside, wannan gefen ne waje. A yi balansin da dalma mai mannewa ta ciki, ba mai maƙalewa a baki ba, don tana cin fentin aloi. A goge tsatsar fuskar cibiya da burushin waya kafin a ɗora wili. Kada a shafa wa noti giris ko baƙin mai.

Ɗaurin noti shi ne inda na fi kafewa. An saba yaro ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa yana tsalle, ko a sa bindigar iska har sai ta yi shiru. Wannan ɗaurin yana miƙar da noti, yana iya tsaga mazauninsa a aloi, kuma ranar da taya ta sace maka a daji ba za ka iya kwance shi ba. A fara da hannu, a bi su a tsallake kamar zanen tauraro, a sauke motar, sannan a ƙarasa da sifana mai awo. A ma'aunin ƙarfin ɗauri, E90 120 Nm take so, F30 kuma 140. Shagon ba su da irin sifanar, sai da na saya na zo da ita, yanzu a but take kwana.

Iska kuma kada a bar wa ido da bugun ƙafa. Akwai takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, sai dai a motocin Amurka lambar tayar da motar ta zo da ita kaɗai take nunawa. In ka canja girma, jadawalin da ke cikin littafin motar za ka bi. A auna taya tana sanyi. In ka dawo daga tafiya ka ga awon ya hau, zafi ne, kada ka rage. Bayan an daidaita, sai a sanar da motar. A tawa, wadda ba ta da allon iDrive, da ɗan maɓallin jikin sandar sigina ake nemo hoton taya, a danna a riƙe har ta karɓa, sannan a yi 'yar tafiya ta gama karantawa. Daga nan na wuce aka duba alaimen, don ramin da ya tsaga wili ba zai bar saitin ƙafa yadda yake ba. Mai cikakkiyar inshora kuma ya sanar da kamfaninsa canjin da ya yi.

Ƙafa ta biyar ba ta ci mini kuɗin wili ba. A cikin tsofaffin huɗun akwai guda mai lafiya, na sa masa sabuwar 225/45 R17 gama-gari, tunda tsayinsu da na sabbin kusan ɗaya ne. Ta cinye kusan rabin but, wannan gaskiya ne, in za mu yi tafiya da iyali sai an yi dabarar kaya. Akwai siririyar safaya ta wucin gadi da ba ta cin wuri, amma ita ma ba a wuce 80 da ita, ni kuwa na gaji da wannan lambar. Na sa an ɗaure ta da bel a ƙugiyoyin but don kada ta yi tsalle in an taka birki, na kuma bar gefen dama a buɗe saboda a nan batirin motar yake. Ka gwada notin da ke motar a jikin safayar tun a gida. In sabon wili ya zo da nasa notin daban, ka ajiye tsofaffin biyar a leda kusa da ita. Rashin safaya ma laifi ne a takardar 'yan FRSC, yanzu in sun ce a buɗe but ina buɗewa hankali kwance.

Jak ɗin ma sai an kula. A ƙarƙashin motar akwai mazaunai huɗu na roba masu kusurwa huɗu, nan kaɗai ake sa jak, kuma yana son ɗan dunƙulen roba da ke shiga cikinsu, in ba haka ba a farfasa su. Na haɗa da sifana mai lamba 17 mai dogon hannu, da famfon iska da ake jonawa a wurin kunna sigari, da igiyar faci, da tocila, da si-koshin, da wani katako mai faɗi da zan sa ƙarƙashin jak in ƙasar yashi ce. Wata Asabar na sa ɗan ƙanin nawa muka cire ƙafa ɗaya muka mayar a tsakar gida, don hannu ya saba. A nan na gane wahalar rataya wili a motar da ba ta da ƙusoshi, sai na nemo ɗan sandan ƙarfe mai zare da ake ɗaurawa a rami ɗaya ya riƙe wilin kafin a sa noti.

A tuƙi, farkon abin da na ji shiru ne. Ƙananan gyare-gyaren kwalta da a da ke dukan ƙugu yanzu sai dai in ji su daga nesa, ƙarar da dashbod ke yi ma ta ragu. A gefe guda sitiyari ya ɗan rage kaifi, in na karya kwana da sauri motar na ɗan jinkirta amsawa kafin ta bi. An saita shakazobarta ne da taya mai taurin gefe, dole a ji bambanci. Cikin mako guda hannuna ya saba. Sabuwar taya tana da ɗan santsi a kilomita ɗari biyu ko uku na farko, don haka na bi ta a hankali.

Bayan na je Kumo na dawo, na sake bin notin ashirin ɗin da sifana mai awo, don sabon aloi yakan ɗan zauna bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Biyu a ƙafar baya ta hagu sun ɗan motsa kafin sifanar ta yi ƙara, sauran suna nan daram. Tun daga ranar, duk safiyar Asabar kafin rana ta ɗaga nake zagaya ƙafa biyar ɗin da geji, kuma da ta cikin but nake farawa.